Ranar da Aska ta Yi Rawa a Hannuna

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na tafi ci-rani, ba inda na je. Ina nan Daura. Ciwo ne ya zaunar da ni, kunya kuma ta rufe mini baki.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sale, wanzami ne ni ɗan wanzami. Da askin suna nake ci da iyalina.

Abin ya fara ne a wani suna a Sandamu. Kakar jariri ta riƙe shi, na jiƙa kan, na ɗora aska, sai ƙirjina ya buga dam! Gumi ya keto mini, numfashi ya maƙale a wuya, hannuna ya kama rawa. Aska fa, a kan ɗan kwana bakwai! Na janye hannu na ce askar ce ba kaifi. Ƙarya na yi. Wani wanzami aka nemo ya ƙarasa.

Tun daga ranar, ko a waya aka kira ni suna sai in tambayi kaina: In na yanka ɗan mutane fa? Na shiga ƙirƙiro uzuri, yau babur ya lalace, gobe ina da baƙi. Gidajen da tun kakana muke yi musu aski suka fara kiran wasu.

Baba ya ce mataccen jini ne. Sau uku yana kafa mini ƙaho a baya. Jini ya fita, tsoro yana nan daram.

Matata Hauwa ce ta gaji. Ta ce, "Baban Fati, wallahi ko mu je asibiti yau, ko in tara maka dangi."

Muka tafi. Yankan kati, layi tun hantsi har Azahar, awon jini, awon sikari, hoton ƙirji. Aka tura mu Katsina, aka manna mini wayoyi a ƙirji ana auna bugun zuciya. Ina kwance ina kalmar shahada, na sallama cewa tawa ta ƙare. Tunkiyar Hauwa a nan ta tafi, kuɗin asibiti suka cinye ta. Kowace takarda ta fito sai a ce lafiya lau. Haushi ma na ji. Lafiya lau, ni da ba na iya riƙe kofin shayi?

Wata likita ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Malam Sale, zuciyarka ƙalau take. Ciwon fargaba ne, kuma ana warkewa." Ta rubuta magani, sannan ta ce kullum in zauna minti biyar, in ja numfashi ta hanci in ƙirga huɗu, in sake shi a hankali in ƙirga shida, hankalina a kan numfashin kawai.

Na ce, "Likita, zama kuma? Ai wata uku ke nan ina zaune!"

Mu wanzamai mun saba da maganin da ake gani da ido, a tsaga, jini ya fito. Sai na ce minti biyar wasan yara ne. Na kulle ɗaki awa guda, na runtse ido, na cije haƙora, duk tunanin da ya zo in kama kokawa da shi. Ba abin da nake gani sai kan jariri da jini. Na fito jiri yana ɗibata, Hauwa tana salati.

Da na koma na gaya wa likita, ta riƙe baki. Ta ce, "Wa ya aike ka? Tunani kamar kaza ne a tsakar gida. In ka bi ta da gudu, ta ɓarar maka da tukunya. Ƙyale ta ta gama tsince-tsincenta. In hankalinka ya tafi, dawo da shi kan numfashi, ba faɗa."

Na koma minti biyu, bayan La'asar, a kan tabarma, ido a buɗe. Duk numfashi ɗaya in ja ƙwayar carbi ɗaya. Satin farko ban ga komai ba. A wata na biyu Baba ya miƙo mini kansa, ya ce, "Aske. In ka yanka, tsohon kai ne, ya saba."

Sai ƙanwata Rakiya ta haihu. Ta ce, "Yaya, ba mai taɓa kan ɗana sai kai." Na ce ta rufa mini asiri ta nemi wani. Ta ce to yaron zai zauna da gashinsa.

Ranar suna, ina shiga gidan ƙirjina ya buga irin na Sandamu. Wannan karon ban ɗora wa aska laifi ba. Na ce wa matan, "Tsoro nake ji. Ku ba ni minti biyu. In hannuna bai tsaya ba, Baba zai yi."

Na zauna a zaure, huɗu, shida, huɗu, shida. Tsoron bai tafi duka ba. Na ɗaga hannu na duba, ya tsaya.

Na aske yaron tas, ko ƙwarzane babu. Na miƙa shi, na koma zaure na yi kuka kamar ba gobe.

Alhamdu lillahi. Hauwa, Baba, Rakiya, da likitar nan, Allah ya biya ku, ni ba zan iya ba.

Kai da ƙirjinka ke bugawa kana ɓoyewa, fara zuwa asibiti a duba ka, kar ka yanke wa kanka hukunci. In an ba ka magani ka sha. Zaman kuma ka fara da kaɗan, wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum. Ranar da tunani ya hana ka sakat, ba ka faɗi ba, gobe ka sake zama. Kuma ka gaya wa wani.

Har yau abin yakan taso mini. In kun kira ni suna kuka ga na zauna a zaure na yi shiru, kar a aika neman wani wanzami. Ina nan shigowa.