Darar Baba da Sojojin Roba

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki, a ƙarshen watan Mayun 1999, falonmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya cika da maƙwabta ana kallon rantsuwa a talabijin, mu kuwa yara muna tsakar gida mun kewaye wani kwali. Yaya Sani, ɗan wan babanmu mai karatun aikin jinya, shi ya kawo mana shi tsaraba daga Legas. Da aka buɗe sai ga allo mai zanen ƙasashe, da ƙananan sojojin roba ja da kore, da katuna, da ɗan jefawa irin na lido, sai wani littafin dokoki da Turanci. Shekarata goma sha ɗaya, kuma na ɗauka duk duniya babu wasan masu ilimi kamar wannan.

Mun sha wuya kafin mu iya shi. Yaya Sani yana karantawa yana fassarawa, mu muna mantawa, a dawo a yi musu, har wanke-wanke ya riƙa kwana Inna tana faɗa. Amma da dokokin suka zauna mana, sai muka gane babu wani abin tunani a ciki. Wanda ya jefo lamba babba shi ke cin yaƙi, ko da Ummi ce, autarmu da ba ta shiga firamare ba. Kafin damina ta yi nisa sojojin sun koma kayan wasan 'yartsana.

Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma kullum bayan la'asar yana gindin wata darbejiya a Tarauni ana buga dara. Mu huɗu ne duk mata, ba mu da wurin zama a can. Wata rana ya tarar da ni ina hamma a kan allon nan, sai ya tsuguna kusa da famfo ya tona gurabu talatin a ƙasa. Ya ba ni ƙwallon dabino goma sha biyu, ya ɗauki tsakuwa. "Ki kasa naki, in kasa nawa. Kowa ya matsa gurbi ɗaya. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Shi ke nan." Na yi dariya, na ce ai wannan wasan yara ne.

Shekara biyu yana cinye ni. Na san kowace doka, amma ban san inda zan ajiye ƙwallon farko ba don ya amfane ni can gaba. Ina shara ina tunanin dara, ina hanyar Islamiyya ina zana gurabu a raina. A hankali na fara hango tarkonsa tun bai ɗana ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti maganarsa ta yi nauyi, hannun dama ba ya ɗaguwa. Wata yamma ya yi nuni a fito da shi bakin famfo. Inna ta raɗa mini, "Hadiza, ki bar shi ya ci, kin ji?" Da wasa ya yi nisa na matsa wani ƙwallo inda na san asara ce. Ya dube ni, ya sa hannun hagu ya mayar da shi gurbinsa. "Yi wasa," ya ce da ƙyar. Na gyara zama na yi da gaske. Ya matsa mini ƙwarai, sau biyu ina ganin na faɗi, amma a ƙarshe tsakuwa biyu suka rage masa, ba ta yadda zai jera uku, na cinye shi. Ya yi dariyar da rabonmu da ita tun kafin ciwon, ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta gani.

Yanzu ɗana Abba yakan nuna mini a waya yadda ake ba wasanni maki gwargwadon wahalarsu, masu tulin dokoki a sama, irin dara can ƙasa cikin masu sauƙi. Nakan ce masa wahalar koyo suka auna, ba zurfi ba. An shafe tsakar gidanmu da siminti, babu inda za a tona gurbi, Baba ma ya daɗe da rasuwa. Har gobe ban sami abokin wasan da ya girmama ni kamarsa ba.