Na Je Lyon Nemo wa Inna Hajo Murya

Asabar: daga Aubervilliers zuwa tasha

Ƙarfe biyar da kwata na rufe ƙofar ɗakina a Aubervilliers, gefen Paris, asuba ba ta yi ba tukuna, sanyi kamar zai cire mini kunnuwa. A jakata akwai kilishi da alkaki na Damagaram, a bakina kuma saƙon wata tsohuwa.

Ƴan unguwarmu ta Birni za ku tuna Jatau, wanda sunansa na takarda Pascal. Babansa Bafaranshe ne, makanike, uwarsa ƴar Birni. Ta rasu yana shekara huɗu, yayarta Inna Hajo ta goya shi har ya kai sha biyu, sannan uban ya tafi da shi Faransa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ba wasiƙa ba waya. Da na je hutu bara, Inna Hajo ta riƙe mini hannu ta ce, "Ilu, kai da kake ƙasarsu, ka nemo mini yaron nan. Ba abin hannunsa nake so ba, muryarsa kawai, kafin in tafi." Na ce to, sai ka ce Faransa unguwar Zengo ce da zan zagaye da ƙafa.

Allah Ya sa Sani, ɗan ajinmu da ke kai kaya da mota a Lyon, ya gamu da shi a wani sito. Tabon goshinsa ya gane, kuma ni na yi masa tabon nan da danƙo.

Metro mai lamba bakwai, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauke ni biyar da rabi da ƴan mintoci, na canza a Châtelet, shida da kwata ina babbar tashar da ake hawa jirgin Lyon. Tikiti yuro talatin da tara, don na saya tun da wuri. Kofi kuwa yuro uku a ɗan kofin da ko kaza ba zai ƙosar ba. Na sha ina jin haushi.

Paris zuwa Lyon

Jirgi ya tashi bakwai daidai. Kilomita ɗari huɗu da wani abu, awa biyu cak. Mai duba tikiti ya tsaya kaina yana shaƙar iska, ya tambayi abin da ke ƙamshi. Na ce naman ƙasarmu ne, na gutsura masa. Ya tauna, yaji ya kama shi, ya wuce yana share ido bai ko duba tikitin maƙwabcina ba.

Tara da ƴan mintoci muka sauka tashar Part-Dieu ta Lyon. Sani na jira, ya yi tumbi, gashin kai ya gudu. Muka rungume juna muna dariyar tsufan juna. A mota ya ce, "Bon, Ilu, in gaya maka tun yanzu. Mutumin nan Hausa ta tafi. Kuma na ba shi lambar Inna wata biyu ke nan, ya ƙi kira."

Na ce, "Fushi yake?"

"Kunya yake ji."

Vénissieux

Minti ashirin da biyar muka isa unguwar Minguettes, dogayen benaye duk kama ɗaya. Hawa na tara. Wani dattijo mai furfura ya buɗe ƙofa, ya dube ni, ya kai yatsa goshinsa. Ya buɗe baki sai na ji, "Ɗan banza!"

Hausar farko da ta fito masa ke nan bayan shekara arba'in. Na yi dariya har na jingina da bango, shi kuma yana kuka yana dukan bayana.

Daga nan Faransanci muka yi. Matarsa Nadia ta kawo kuskus da kaza, muka baje kilishi a tsakiya. Ya ɗauki alkaki ɗaya, ya daɗe yana sansanawa kafin ya kai baki. Sai hira ta ɓalle. Ya tuna duwatsun Birni da muke hawa muna farautar ƙadangaru, ya tuna ranar da muka bi jakin mai ga-ruwa muka huda masa garwa. Shi da Sani suka yi gardama mai zafi kan ko tafki yana hannun dama ne ko hagu in ka fito lakwal, makarantarmu. Jatau ne ya yi daidai, Sani da ya je gida bara waccan ya sha kaye. Ƴan ajinmu ya lissafa su ɗaya ɗaya, muna gaya masa wanda ya yi Alhaji da wanda ya riga mu. Garin nan kaf yana kansa, harshen ne kawai babu.

Bayan la'asar na isar da saƙo, kalma da kalma yadda ta faɗa. Ya ce babansa ya hana shi Hausa tun a jirgin sama, don kada a yi masa dariya a makaranta. Da ya girma ya so ya rubuta, sai ya ga ya makara, kowace shekara kuma makarar na ƙaruwa. Ya ce, "Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, in kira ta in ce bonjour?"

Ni ba ni da haƙuri, kun sani. Na ce, "Tsohuwa tana can tana ƙirga kwana, kai kana nan kana ƙirga kalmomi. Zauna." Na zama malami. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, yaya sanyi. Ya rubuta a bayan ambulan, yana karantawa kamar mai karanta takardar magani. Sani ya ce ko shi da ya ji wannan gaisuwar kashe wayar zai yi. Muka rabu a kan gobe goma na safe.

Na kwana gidan Sani a Rillieux-la-Pape, kan doguwar kujera wadda ta fi ni gajarta. Matarsa Hajiya Rabi ta yi mana tuwon semo da miyar kuɓewa.

Lahadi

Goma saura biyar muna ɗakin girkin Jatau. Ambulan na hannunsa na hagu. Na danna lamba, na buɗe murya kowa ya ji, na gaishe ta, na ce, "Inna, ga ɗanki."

"Jatau?" in ji ta.

Ambulan ya faɗi ƙasa. Mutumin nan mai shekara hamsin da uku ya zame silifas ɗinsa, ya durƙusa a kan tayil gaban firij, ya sunkuyar da kai, wayar na kan tebur. Ba wanda ya koya masa wannan jiya. Ya ce, "Inna."

Ta jero gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina sanyi, ina bayan rabuwa. Shi dai "lahiya lau" yake ta cewa, muryarsa na karyewa. Duk karatun jiya ya bi iska. Can ta tsaya, muka ji tana jan hanci. Sai ta ce, "To ya isa, tashi hakanan. Na san kana tsugune."

Ba waya mai hoto ba ce, ba ta ganinsa. Nadia ta tambaye ni me ta ce, na kasa fassara mata. Shi kuwa ya fahimta, don ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ni da Sani muka kama hammatarsa muka ɗaga, muna dariya da hawaye, Inna na tambaya daga can ko faɗuwa ya yi. Suka yi minti arba'in, ina tafinta a tsakani, wani lokaci ma ba sa jirana.

Komawa

Jirgin huɗu na yamma na hau, bakwai saura kwata ina ƙofar ɗakina lafiya. Alhamdu lillahi. Na gode wa Sani da Hajiya Rabi, na gode wa Nadia da ta haƙura da hayaniyarmu kwana biyu.

Ban ko cire takalmi ba waya ta yi ƙara. Inna Hajo ce. Na zaci godiya za ta yi, na gyara murya. Ta ce, "Ilu, yaron nan bai iya magana ba, amma na ji shi. Gobe ma ka ce ya kira."