Kawu Tanko da Ƙanƙarar Dakta

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Tanko hannu ya san ba a karɓe shi da wuri. Kana "ina gajiya, ya iyali", shi kuwa yatsunsa biyu sun zame zuwa wuyan hannunka, idonsa na kan agogon nan nasa mai fasasshen gilashi, leɓensa na motsi. Bugun zuciyarka yake ƙirgawa. Ya daɗe da yin ritaya daga koyar da motsa jiki a sakandare, amma shi a ransa ba a sallame shi ba.

Ranar ɗaurin auren Yaya Sani a garin Indabo, ya riƙe hannun ango a gaban jama'a, ya ƙirga, sannan ya ce, "Ɗari da goma. Ko 'yan gudun fanfalaki ban ji musu irin wannan ba. Ku zaunar da shi kafin a shafa fatiha."

Abokin musunsa kun san shi, Dakta Yohanna, mutumin Filato da ke koyar da kimiyyar motsa jiki a jami'a. Duk Asabar da yamma suna kan benci a ƙofar gidanmu a Sabon Garin Wudil, ni kuma ina cikin zaure ina saurare, don ban iya zama cikin manya ba. Musun nasu ɗaya ne: in mutum ya yi targaɗe, a sa masa ƙanƙara ko kada a sa? Dakta ya ce tana rage kumburi da raɗaɗi, haka ma aka koyar da su. Kawu ya ce kumburi masu gyara ne jiki ya turo, in ka sa ƙanƙara ka kore su ba su gama aiki ba.

Wata Asabar Dakta ya zo da takardu a hannu, ya ce, "Malam, zan faɗi gaskiya. Masu bincike yanzu sun rabu biyu a kan maganar nan."

Kawu ko kallon takardun bai yi ba. Ya ce, "Madalla. Ka gaya wa rabin da suka biyo ni sun makara, amma na yafe musu."

Sai musun ya sauko kan ƙafata. Saura mako biyu gasar makarantu, ni ce ta ƙarshe a tseren miƙa sanda, na gurɗe a bakin kwata. Malamarmu ta ce in ban warke ba za ta sa wata. Ni kuwa gudu ne kaɗai abin da nake yi a gaban mutane ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Dakta ya zo, Umma na tsaye ya danna ƙashin idon sawuna, ya sa na yi taku huɗu, ya ce babu karaya. Kawu ya gyaɗa kai. Wannan ce rana ɗaya tak da na ga sun yarda da juna. Daga nan Dakta ya hau babur neman ƙanƙara. Kwana uku ba wuta, sai da ya dangana da kasuwa kafin ya samo a leda, naɗe cikin buhu. Ya dawo ya tarar Kawu ya tare ƙofar ɗaki.

"Malam, minti goma kawai."

"'Yar ƙanwata ce, ba kifi ba."

Suka ɗora daga inda suka tsaya ranar Asabar. Ni ina kallon ledar a hannun Dakta tana ɗiga, har wata kaza ta zo tana shan ruwan. Da Umma ta gaji, ta zare ledar daga hannunsa, ta juye abin da ya rage cikin zoɓo, ta kawo musu. Kawu ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Dakta, yau ka nuna mini amfanin ƙanƙara."

Daga jibin ranar, kullum da safe yakan kai ni bakin kogi in taka rairayi a hankali, in rubuta haruffan a, ba, ca, da, da babban yatsan ƙafata. A gida kuma ya ce in riƙa yin asuwaki a tsaye kan ƙafa ɗaya. Dakta ya nace sai an naɗa bandeji. Kawu ya yarda, wai don kada baƙo ya koma garinsu ya ce an wulaƙanta shi a Wudil.

Na yi tseren. Na karɓi sanda muna na huɗu, na shigo muna na biyu. Ina durƙushe ina haki na ji Dakta da Kawu a bayana.

"Da an sa ƙanƙara, da ta zo ta ɗaya."

"Da an sa, da tana gida tana kallon bango."

Sannan Kawu ya juya ga mutanen da ke wurin, waɗanda bai ma sani ba, ya nuna ni da bakin hularsa da ya cire, ya ce, "Waccan mai shirun, tamu ce."

Da daminar bara ya rasu. Dakta ya zauna makoki kwana uku cur, ya fi wasu dangi daɗewa a kan tabarma. Da zai tafi ya ce mini, "Har gobe ban yarda da shi ba. Ki ci gaba da gudu."

Ina yi. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.