Na Allah, Mai Kai Wa Mutane Fim Ɗinsu Su Fara Gani

Kullum da hantsi za ka tarar da Na Allah a rumfarsa ta bakin kasuwar Tasawa, yana goge tsohuwar kamerarsa, shayinsa na hucewa a gefe. Shekara ashirin da ɗoriya yana haɗa finafinan barkwanci. Bana ido ya ƙi, ya ce ya ajiye aiki. To ni dai ba zan bari ya ajiye shiru ba.

Yana da wata al'ada da ke ba mu haushi, mu 'yan wasansa: fim ba ya fita kasuwa sai waɗanda aka kwaikwaya sun gani. Mahauta ne, Buzaye ne, malamai ne, sai ya ɗaure tele, wato talabijin, da injin wuta a bayan moto ya kai musu har gida.

A 2010, soja na mulki, fari ya sa shanu na faɗuwa a hanya, muka yi wata uku muna haɗa fim na ƙaramar Salla. Ni na fito a wawan Bafillace mai tallar ramammiyar saniya. Wallahi har ina jin kaina! Saura sati biyu, Na Allah ya ja ni rugar Baffa Bube, kusa da Attantane.

Muka kunna a inuwar aduwa. Ko murmushi babu. Sai da aka zo inda na tsuguna ina tatsa, matarsa Inna Hajjo ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai yaro, ina maraƙin? Wa ke tatsa bai sako maraƙi ya fara tsotsa ba? Ai sai ta harbe ka!"

Bube bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Na Allah, shanu talatin nike da su, saura huɗu. In abin ga ya fita, ɗiyana ba su shiga kasuwa sai an bi su da ihu. Mutuncin ne kaɗai ya rage muna."

A hanyar dawowa na ce mu yanke wuri biyu mu fitar hakanan. Na Allah, kai ne ka tsayar da moto ka ce, "Cha'ibu, mu wata uku za mu rasa. Su fa?" Salla ta wuce ba fim. Kwana goma ban gaishe ka ba, kuma yau na faɗa gaban jama'a, ni ne ban kyauta ba.

Na Allah ya sake ɗauka daga farko. Bube ya fito a makiyayi, ni kuma ɗan birni da ya sayi saniya da araha ya ce zai tatsa da kansa, Inna Hajjo na yi mini faɗa da Fillanci. Saniyar kuwa ta harbe ni da gaske, mugun bai kashe kamera ba. Da babbar Salla manoma suka sha dariya, makiyaya ma haka, a tabarma ɗaya.

Na Allah, gwani mai tsoron haƙƙi, mun gode, Allah ya ba da lafiyar ido. Ku kuma samari masu ɗaukar barkwanci da waya, kafin ku saki, ku kai wa mai shi ya gani. Ni da idona na ga ɗiyan Bube sun shiga kasuwar Attantane bayan Salla. Jama'a sun bi su kam, ana riƙe hannunsu ana cewa, "Ku gaishe da Baffa, yaya shanun?"