Ɗigon Ruwa a Kujerar Marigayi

Wata mata tana tsaye a rumfar mai ɗinkin kujerun mota, makulli a hannu, mayafi a karkace, ba ta damu ta gyara ba. Ga alama mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Kujerar direba ta yage, amma shatin zamansa na nan.

"Malam, a yi faci da fata irin tata. Shekara tara maigidan yana hana yara cin abinci a motar, wai fata ce."

Mai ɗinki yana ɗiga ruwa a kujerar. Fata takan sha. Wannan ɗigon yana zaune abinsa, yana sheƙi.

Tana kallon ɗigon, ko ƙiftawa babu.

"Roba ce ko?"

"Roba mai kyau, Hajiya."

"To. Yara sa ci abincinsu."