Ɗaki da Taya

Da hanya ta lalace da ɓarayin daji, na daina yarda magariba ta same ni tsakanin Maradun da Talata Mafara. Sai na kai ƙaramar bas ɗina wurin mai walda, ya cire kujerun baya, ya haɗa mini gado. Na shimfiɗa katifa, na rataya labule, na ajiye risho, shinkafa, burodi da jarkar fetur. Duk kasuwar da na je sayen gyaɗa, sai in kwana cikin gari, in taso da hantsi. Har alfahari nake da dabarata.

Wata ranar kasuwa, kusa da garin Kaya, 'yan sa-kai suka tare ni. Ɗayansu ya ɗaga labulen, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wa kake kai ma wanga kaya?"

Sai a lokacin na kalli motata da idonsa. Fetur, burodi, katifa, tagogi a rufe, daidai abin da ake kai wa ɓarayin daji. Na ce ɗakina ne.

"Ɗaki da taya?" in ji shi, bakin bindigarsa yana gogar ƙofa.

Wani tsoho da na saba sayen gyaɗarsa ne ya tsaya mini, ya rantse ya sha ganina ina kwana a bakin masallacinsu.

Ina isa gida na yage labulen nan. Duk wahalar da na sha ɓarayi nake gudu, ashe kamar yaronsu na koma. Har yau in zan bi hanyar, ko burodin tsaraba ba na saye.