Idon Safiya da Kunyata

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko na daina sayar da busasshen kifi ne, ban daina ba, asibiti ne ya zame mana gida na biyu.

Zancen 'yata ne, Safiya. Yau ne karo na farko da na rubuta sunan nan.

Ita ce 'yar farina. Wanda ya tashi a wajenmu, Illo, ya san yadda ake yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye ta, surukata, Inna, ta tafi da ita ƙauyensu a ƙetaren iyaka, cikin Benin. Ni kuwa na ƙware a kunyar nan har ana misali da ni, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yabon.

Ranar kasuwar Lolo kawai nake ganinta. Suna sauka daga kwalekwale sai in kau da kai, in riƙa bin ta da wutsiyar ido.

A haka na fara gani. Tana shekara biyar. In za ta kalli abu sai ta karkata kai kamar kaza. Ta yi karo da turken rumfa da ke gabanta ɓaro-ɓaro. Wani makon na hango ta durƙushe tana amai da sassafe, ta riƙe kai da hannu biyu.

Na gani, na yi shiru har wata huɗu. Wai kada a ce na raina riƙon Inna.

Inna ce da kanta ta kawo ta gida. Ta ce, "Ɗiyag ga ba ta ganin ƙwarya in an aje mata ga hagu. Ke ba ki lura ba?"

Na sunkuyar da kai na ce ban lura ba.

Daga asibitin Bagudo aka tura mu Birnin Kebbi, daga can sai Sakkwato. Aka sa ta cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana wani fari-fari, ya ce ƙari ne, ya tare hanyar ruwan kai, ruwan kuma ya danne jijiyoyin ido. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama muke ƙoƙarin ceta.

Ya tambaya yaushe muka fara gani. Inna ta ce sati uku. Sai da ta fita alwala na ce masa wata huɗu. Bai yi mini faɗa ba, ya rubuta kawai. Da ma faɗan ya yi.

Maigidana ya sayar da kwalekwalensa da tarunsa biyu, aka fara tiyata.

Ta farko, an sa mata siririn bututu ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, don ruwan ya sami mafita. Ta biyu, an yanko abin da ya yanku na ƙarin. Daga nan abin ya zama kamar zagayowar damina. A hana ta abinci, a aske gefen kai, maigida ya sa hannu a takarda, a turo gado mai taya. Ni kuma in zauna kan benci ina kallon ƙofa mai kaɗawa, sai in ji kamar duk asibitin yana tafiya a hankali a kan ruwa, ba mai tuƙi.

Duk farkawa da mafarkinta. Takan ce wa Inna, "Na tai ƙasan gulbi, kifaye na da fitilu, sun ce in zamna." Inna ta ce, "To mi kinka ce musu?" Ta ce, "Na ce sai na tambayo."

A tiyata ta uku, da bututun ya toshe aka sake shi, ba ta farka da wuri ba. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Inna ta koma gida girbin shinkafa, maigida ya fita neman magani, ni kaɗai ce. Wata nas ta ce, "Maman yarinya, ki kira sunanta, muryar uwa suna ji."

Na ce, "Ke. Ke, yarinya."

Nas ɗin ta dube ni. "Sunanta na ce."

Na sunkuya dab da bandejin na faɗa sau ɗaya, can ƙasa, sannan na ƙara. A na biyar ko na shida idon dama ya buɗe. Ta daɗe tana kallona. Yaya take ce mini, don kuwa haka ta ji ana kira na. Ta ce, "Yaya, ashe kin san shi."

Yanzu tiyata huɗu ke nan. Idon dama yana gani tar, ta shiga aji ɗaya, tana hannuna. Likita ya ce in ta ƙara tsawo za a sake bututun, mun riga mun saba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas ɗin da ba ta saurara mini ba, da matan ɗakin jinya da muka riƙa cin tuwo kwano ɗaya. Inna kuwa, da na gaya mata gaskiya, cewa ta yi, "Mu munka koya miki, laifin namu na baki ɗai."

'Yan'uwana mata, amai da sassafe, ciwon kai da ba ya tafiya, yaro yana karo da abin da ke gabansa: ku kai shi asibiti a makon, ko a hannun wa yake. In ɗan fari ne, ki buɗe baki ki faɗa a gaban kowa.

Jiya ina shafa mata mai ta tambaye ni yaushe likita zai tada ɗaya idon, tunda shi ma barci yake yi. Na ce mata ba zai tashi ba, kuma in ta girma ni da bakina zan gaya mata dalili.